Darasi: Shirin farauta cikin hamada

Farauta sana'ar gado ce. Amma naman dajin hamada dukiyar ƙasa ne baki ɗaya. Maharbi mai hankali yakan shirya abu huɗu kafin ya ɗaura wa raƙuminsa sirdi.

Na ɗaya, izini. Dokar 1998 ta ce sai da takarda ake farauta. Ana neman ta wurin ma'aikatan gandun daji. Su ke faɗin lokacin farauta da irin naman da aka yarda a harba.

Na biyu, sanin wuri. Gwamnati ta keɓe gandun Gadabeji na ƙasar Dakwaro a 1955, na Ayir da Tenere a 1988, na Tarmit a 2012. Ba a farauta cikinsu.

Na uku, ruwa da ɗan jagora. Rijiyoyin hamada na da nisa, wata ma a tarar ta ƙafe. A cika salkuna, ruwan zuwa da na komowa. A gaya wa mai gari hanyar da za a bi da ranar komowa.

Na huɗu, barin iri. Kada a harbi mace mai ciki ko mai ɗa. Ba kora da mota, ba fitila da dare, ba sa wa daji wuta.

Tsofaffi sun ga mariri garke-garke. Harbi da fari suka ƙare shi. A 2016 sai da aka kawo na kiwo aka saki a ƙasar Cadi. Kada barewa ta bi sawunsa.

Tambaya: wane nama ne ya ɓace a dajin garinku? Me ya ƙare shi?