Idon Malami da Idon Ɗan Gari

Gwandu da Kalgo garuruwa ne na Jihar Kebbi. Gwandu tana gabas da Birnin Kebbi, Kalgo kuwa tana kudu. Gwandu tsohon garin malamai ne. Nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, ya zauna, ya karantar, ya wallafa littattafai masu yawa, nan kuma kabarinsa ya ke. Kalgo ita ma ta sami rabonta na ilmi a wannan zamani. Cikin shekara ta 2013 Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Birnin Kebbi, ta fara zama a Kalgo, aka kuma gina mata babban mazauni a Unguwar Jeji, bisa hanyar Bunza. Kafin wannan, tun 2006, Gwamnatin Jiha ta kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, garin albasa.

Jami'a aiki biyu gare ta. Na fari shi ne karantar da ɗalibai. Na biyu shi ne bincike, watau neman sanin abin da ba a riga an sani ba. Malamin kimiyya ya kan yi tambaya, ya ce, me ya sa wannan gona ta yi kyau, waccan ta lalace? Sa'an nan ya duba, ya auna, ya ƙidaya, ya rubuta, har ya gano amsa.

To, amma malami ido biyu kaɗai gare shi, kamar kowa. In yana Kalgo, ba ya ganin abin da ke faruwa a Gwandu. In ya kwana cikin gari, bai san abin da ya auku a fadama da asuba ba. Manomi kuwa kullum yana gonarsa, masunci yana bakin gulbi, makiyayi yana daji da shanunsa. Hausawa sun ce, mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Saboda haka malamai su kan nemi mutanen gari su taya su gani, ko da mutanen nan ba su taɓa shiga aji ba.

An yi irin wannan aiki a ƙasar Zazzau. A Samaru akwai ma'aikatar binciken aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello. A da, ma'aikatan gona da yawa suna ganin manoma sun yi kuskure da su ke haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa cikin gona ɗaya. Suna cewa gara kowane iri a ware masa gonarsa. Cikin 1966 da 1967 wani malami na Samaru, David Norman, ya tafi da mataimakansa ƙauyuka 3, Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi. Magidanta fiye da 100 suka yarda a riƙa zuwa gidajensu sau biyu a mako, har shekara guda. Kowane zuwa su kan faɗi aikin da suka yi, da wanda ya taya su, da abin da suka kashe, da abin da suka girbe.

Da aka tara labarin duka aka yi lissafi, sai aka ga ashe manoman ne da gaskiya. Gonar da aka haɗa iri ta fi kawo amfani, ta kuma fi tsare mai ita daga yunwa, gama in wani iri ya ƙi, wani ya yi. Malaman suka karɓi wannan, suka sake tunani a kan shawarar da a ke ba manoma. Da magidantan nan sun ɓoye abin da suka samu, ko sun faɗi abin da zai daɗaɗa wa baƙi rai, da lissafin ya ɓaci, da kuma an yi ta koya wa jama'a abin da ba shi ke nan ba.

Ga kuma wani aikin da ya shafi tsuntsaye. Jami'ar Jos tana da ma'aikatar binciken tsuntsaye a ƙauyen Laminga. Cikin 2015 malamanta suka fara shirya taswirar tsuntsayen Nijeriya, don a san wane tsuntsu ke zaune a wane wuri. Ƙasar tana da faɗi ƙwarai, malaman kuwa kaɗan ne. Sai aka raba ta bisa takarda gida gida, kowane gida wajen kilomita 9 tsawo, 9 faɗi. Mai son taimako ya kan zaɓi gida ɗaya, ya zaga shi aƙalla sa'a 2, ya rubuta sunan kowane irin tsuntsu da ya gani ko ya ji kukansa, ya aika ta wayar hannu. 'Yan makaranta da ma'aikata da sauran jama'a suka shiga, suna yi don sha'awa, ba don lada ba.

Wani ya ce, ina amfanin ƙidayar tsuntsu? Amfaninta da yawa. Tsofaffi sun san a da ba mahautar da ba a ganin ungulu a kanta. Yau ta yi wuyar gani a wurare da dama, har masana na duniya suka sa ta cikin tsuntsayen da aka fi tsoron ƙarewarsu, a 2015. Ungulu kuwa ita ce mai share mushe, in ta ƙare mushe ya daɗe a fili yana wari. Shamuwa ta kan iso gab da damina, manomi ya gan ta ya gyara fartanyarsa. Jan baki kuma, in suka sauka bisa shinkafa ko gero, sai su bar mai gona da kara. Wanda ya ga inda su ke kwana, ya faɗa wa malamin gona da wuri, ya ceci abincin gidaje masu yawa.

Yaran Gwandu da na Kalgo suna iya fara irin wannan aiki tun suna firamare, da awon ruwan sama. Ga yadda a ke yi. A nemi gwangwani miƙaƙƙe, wanda faɗin bakinsa daidai ya ke da na gindinsa. A ajiye shi a fili, nesa da itace da indararo, a kafa shi sosai don kada iska ko akuya ta ture shi. Kowace safiya, a lokaci ɗaya, a tsoma siririn tsinke a ciki, a fitar, a gwada inda ya jiƙe da rula. A rubuta kwanan wata da yawan ruwan cikin littafi, kāna a zubar da ruwan. Ran da ba a yi ruwa ba a rubuta 0, gama rashin ruwa ma labari ne.

Milimita 1 cikin gwangwani yana nufin lita 1 ta zuba bisa kowane fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1. In aka sami milimita 20, lita 20 ke nan ta zuba a kan ɗan filin nan. Sau da yawa hadari ya kan zubar da ruwansa a Gwandu, Kalgo ba ta sami ko ɗigo ba. Ma'auni guda na babban gari ba ya iya nuna wannan. Amma in makarantu 10 suka riƙe littattafai 10, shekara da shekaru, malamin jami'a ya sami abin da zai gwama, ya gane lokacin da shuka ta fi kamawa a kowane yanki. Haka kuma masunci ke iya kafa sanda mai zane a bakin gulbi, ya riƙa lura da hauhawar ruwa. Mutanen Kebbi ba su manta da damina ta 2020 ba, sa'ad da ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa. Sanin halin gulbi ba wasa ba ne ga mai noman fadama.

Wanda zai taya malamai aiki, wajibi ne ya kiyaye abu 3. Na ɗaya, ya faɗi wuri da rana da adadi, gama "na ga tsuntsaye da yawa kwanan baya" ba ta da amfani ga mai lissafi. Na biyu, ya rubuta nan take, kada ya dogara ga tunawa. Na uku, wanda ya fi duka, ya faɗi gaskiya. In ya manta bai auna ba ran Talata, ya bar gurbin fili, kada ya cika shi da ƙage. Adadi ɗaya na ƙarya ya kan ɓata na gaskiya ɗari, kamar yadda wake ɗaya ke ɓata gari.

Su ma malamai akwai hakki a kansu. Lalle su yi sallama ga hakimi ko mai gari, su bayyana abin da su ke nema da dalilinsa, cikin harshen da mutane ke ji. Ba a tilasta wa kowa. Mutum yana da ikon ya ce a'a, yana kuma da ikon ya fasa bayan ya fara. In binciken na lafiya ne, ba a ɗiban jinin yaro ko a ba shi magani sai da yardar iyayensa. In aiki ya ƙare kuma, ya kamata su komo su gaya wa mutanen gari abin da aka gano.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Malami yana da littafi da na'ura, ɗan gari yana da idon da ke wurin dare da rana. In suka gama ƙarfi bisa gaskiya, amfanin na kowa ne. Yaron da ya saba da duban gwangwaninsa kowace safiya, ya rubuta abin da ya gani ba ragi ba ƙari, ya riga ya kama hanyar da manyan masana ke bi.

Tambayoyi

1. Waɗanne ayyuka biyu jami'a ke yi?
2. Me aka gano a Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi?
3. Don me a ke rubuta 0 ran da ba a yi ruwa ba?
4. Rubuta sunayen tsuntsaye 10 da a ke gani a garinku, da lokacin da kowanne ke zuwa.