Sabis a Falo, Cikin Gida Shiru

Wani magidanci a unguwar Takur ya kira mai wannan rubutu, wanda sana'arsa ita ce ja wa gidaje da ofisoshi wayar intanet a Dutse. "Malam, kuɗin data nake kashewa ba wasa, amma da an shiga sashen iyali sai sabis ya ɗauke." 'Yarsa mai karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutse kuwa, sai ta raɓe a bakin tagar falo da daddare kafin ta tura aikin makaranta.

Layin lafiyarsa ƙalau. Na'urar Wi-Fi, wato rawuta, ita ce aka ajiye ƙasa bayan talabijin, tsakaninta da ɗakunan ciki bangon bulo uku da ƙofar ƙarfe. Wi-Fi igiyar rediyo ce. Mai zangon 2.4 GHz ta fi ratsa bango, mai 5 GHz ta fi gudu amma ba ta nisa, ƙarfe kuwa dukansu yake tarewa. Gida mai zaure da turaka da sassa daban-daban ya fi ƙarfin na'ura ɗaya.

Da yawa sukan ruga su sayo ripita. Ita kuwa abin da ta ji take maimaitawa: raunannen sabis ta kama, raunanne za ta bayar, sau da yawa ma gudun ya ragu da rabi.

A gidan magidancin nan, an ɗaga rawutar sama, aka jawo kebul Cat6 daga bayanta ta cikin bututu zuwa sashen iyali. Irin wannan kebul yana kai mita 100 gudu bai ragu ba. Can aka sa siwic mai rami 8, aka jona talabijin da kwamfuta da kyamara, sannan aka kafa na'urar Wi-Fi ta biyu a baranda, suna ɗaya da lambar sirri ɗaya.

Mai sayen kebul ya kankare sili ɗaya da wuƙa. In fari ya bayyana a ciki, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, yana saurin karyewa. Kada a bar kebul a fili, ranar bazara tana fasa robarsa, tsawar damina kuma tana iya bin sa ta ƙona na'ura. Galibin rawutoci bolt 12 suke ci, ƙaramin batiri ko sola ya isa ya riƙe su idan KEDCO ta ɗauke wuta.

Bayan an gama gyaran, da yamma yarinyar ta tura aikinta tana zaune a kan tabarma a ɗakin mahaifiyarta.