Fayil ɗin wata mota ba na motarka ba ne

Har yanzu raina a ɓace yake kan wata Subaru WRX STI da aka jawo mana gareji da igiya. Mai ita matashi ne, ya zuba kuɗi ya sa babbar turbo da salansa mai faɗi, amma ya bar injekta da famfon mai na kamfani. Da aka zo saita kwamfutar inji sai ya ce kuɗinmu ya yi yawa, ya kai wa wani mai laftof. Shi kuwa ya sauko da fayil daga intanet, wanda aka rubuta wa wata mota a Turai mai shan fetur ɗin da ƙarfinsa ya kai 98, ya loda mata ta OBD. Bai ajiye fayil ɗin asali ba, bai ɗora na'urar auna iska da mai a salansa ba, ko gwajin titi bai yi ba. Da fitilar inji ta kama, sai ya toshe lambar matsalar gaba ɗaya. Wannan ai ganganci ne!

Matsin turbo da kamfani ya bari kusan bar 1 ne, mai laftof ya ɗaga shi zuwa 1.5. Injekta suka buɗe iyakarsu, mai bai isa ba. Inda ake son iska kashi 11 a kan mai kashi 1, sai ga shi ya haura 13. Ga tayimin ya yi gaba, ga zafin Afrilu, ga fetur ɗinmu da bai kai na can ba. Inji ya yi ta ƙwanƙwasa, yaron yana jin daɗin gudu. Da muka buɗe, fistin na huɗu ya tsage a mazaunin ringi, silinda ta karce. Ya tsaya yana kallo, ya kasa magana. Kuɗin gyaran ya ninka abin da ya guje wa sau da yawa.

Jama'a, kowace mota a kanta ake saita ta, da man da za ta sha, a zafin da za ta yi gudu. Kada a ƙara matsi sai an ƙara mai. A ajiye fayil ɗin asali. A sa caja a batir lokacin lodi. Duk wanda ya kashe maka fitila maimakon ya nemo dalili, karɓi makullinka. Kuma don Allah a daina loda fayil ɗin intanet.