Wa Ya Yi Irin Da Ke Cikin Buhu?

Manomin Dangamaji yakan je kasuwar Jega ya sayo ingantaccen iri. Ya shuka, ya ga albarka, sai ya ce, "Aikin Turawa ne." Sau da yawa ba haka ba ne. Masanan ƙasar nan ne suka yi aikin, sai dai ba a san su ba.

Wanda ya iya karatu ya duba jikin buhun. Zai iya ganin SAMPEA, ko SAMMAZ, ko SAMSORG, ko SAMNUT. Baƙaƙen nan uku na farko, wato SAM, daga sunan Samaru aka ɗauko su. Samaru tana Zariya. Can ne ake binciken aikin gona tun 1922. SAMPEA wake ne. SAMMAZ masara ce. SAMSORG dawa ce, SAMNUT kuma gyaɗa.

Ga misali da wake. Akwai tsutsar da ke cin furen wake da kwansonsa. Manomi kan yi feshi sau shida ko fiye, kuɗi su tafi, wani lokaci waken ma ya tafi. Farfesa Mohammad Faguji Ishiyaku da abokan aikinsa a Samaru sun yi kusan shekara 10 suna gwaji, tare da masana daga Ostireliya. A 2019 aka fitar da SAMPEA 20-T. An sauya wa wannan iri ƙwayar halitta don ya yi wa tsutsar tirjiya, shi ya sa har yanzu wasu na muhawara a kansa. Feshi biyu kan ishe shi. Manoma nawa suka san sunan wannan malami?

Dalilin rashin saninsu ba boyayye ba ne. Masana kan rubuta sakamakon bincikensu da Turanci, a mujallun da ba sa zuwa ƙauye. Wannan asara ce. Wanda bai san sunan iri da inda ya fito ba, shi ake sayar wa jabu. Yaron da bai taɓa jin an ambaci masani ɗan ƙasarsu ba, da wuya ya yi sha'awar zama irinsa.

Masana ba su da nisa. Tun 2006 akwai jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, garin albasa. Ɗaliban ajin yaƙi da jahilci na iya roƙon malamin gona ya gayyato musu ɗaya daga cikin malamanta, ya yi bayani da Hausa, su kuma su rubuta sunansa a littafinsu.