Darasi: Don Me A Ke Sallamar Tsohuwar Ƙwaƙwalwar Kwamfuta?

Kowace kwamfuta tana da ƙwaƙwalwa a cikinta, watau ɗan guntun da ke yin lissafi da bin umurni. Ƙwaƙwalwan nan kuwa iri-iri ne, kowane iri da harshensa. Umurnin da a ka rubuta wa irin Intel, irin ARM da ke cikin wayar hannu ba ya jinsa, kamar dai a yi wa Bakano magana da Barbarci.

To, kafin masana su ƙera sabuwar ƙwaƙwalwa, su kan jarraba ta tukuna cikin manhajar kwaikwayo, wadda ke sa kwamfuta ta yi kamar ita ce waccan ƙwaƙwalwar da ba a ƙera ba. Wata shahararriya cikinsu sunanta gem5. An same ta a 2011, da a ka haɗa aikin jami'ar Michigan da na jami'ar Wisconsin, a Amurka. Rubutunta a buɗe ya ke, kowa na iya ɗauka kyauta, ya karanta, ya gyara. Ƙwaƙwalwar da aikin Michigan ya fara kwaikwayo ita ce Alpha, wadda kamfanin DEC ya fitar a 1992. Amma a 2020 sai masu kula da gem5 su ka cire Alpha ɗungum.

Ɗalibi zai ce, abin da ya riga ya rubutu, ba ya ci ba ya sha, me ya tsare wa mutane? Amsar tana Kasuwar Kifi ta Baga Road, nan Maiduguri. Bandar tarwaɗa da karfasa da a ke kawowa daga Tafkin Chadi, kafin a loda ta zuwa Anaca ko Legas, ba jibge ta a ke yi a shago a manta ba. Sai an riƙa buɗe kwali ana dubawa, ana shanyawa, in ba haka ba ƙwari su mai da ita gari, su kuma tsallaka kwalin da ke kusa. Fatoma ba zai ɓata yaransa da wurin ajiyarsa a kan kwalin da mai shi ya ɓace, mai saye kuma bai zo ba. Haka rubutun manhaja ya ke. Duk sa'ad da a ka gyara wani sashe, dole a bi kowane irin ƙwaƙwalwa a tabbata gyaran bai ɓata shi ba. In babu mai injin da zai gwada, babu kuma mai amsawa in an yi tambaya, sashen nan ya zama kaya a kan 'yan aikin sa kai, yana hana su taɓa sauran.

Ku lura da kyau, ba tsufa ne laifin ba. Manhajar Linux ta cire Itanium a farkon 2024, ga shi kuwa a 2001 Intel ta fitar da ita. Amma zuriyar Motorola 68000, wadda ta fito tun 1979, an bar ta, gama akwai masu sha'awarta da ke gyara sashenta. A 2018 ma, da Arnd Bergmann ya cire iri 8 a tashi ɗaya, layin rubutu fiye da dubu 400, sai da ya fara neman masu kula da su ya ji ta bakinsu. A ganina wannan shi ne adalci: a yi cigiya kafin a share.

'Yan kasuwan Baga Road da ke aika hoton kaya da farashi ta waya sun san irin wannan sallama. WhatsApp ta daina aiki a BlackBerry a ƙarshen 2017, a ƙananan Nokia masu tsarin S40 kuma a ƙarshen 2018. Sai dai akwai bambanci babba. WhatsApp ta kamfani ce, in ya rufe ƙofa ta rufu ke nan, sai sayen wata waya. Wanda ke bukatar Alpha kuwa, tsohuwar gem5 tana nan a ajiye, yana iya ɗauka ya ci gaba da aikinsa, illa dai gyaran da a ka yi daga baya ba zai same shi ba.

Ga inda abin ya shafe mu, mu malamai. Yawancin kwamfutocin da makarantunmu ke samu na hannu ne. Cikin tsofaffi akwai masu bit 32, akwai masu bit 64, watau faɗin lambar da ƙwaƙwalwa ke ɗauka a lokaci guda. Masu 32 ɗin ana ta sallamarsu. Ubuntu ta daina fitar musu da faifan girkawa na kwamfutar tebur a 2017, Windows 11 ta 2021 ba ta hawansu sam, Debian 13 ta Agustan 2025 ita ma ba ta da faifan girkawa dominsu. Saboda haka in hedimasta ya aike ka sayen kwamfuta, ko wani ya kawo gudummawar guda 20, kada kyan murfi ya ruɗe ka. Kunna ta, ka shiga wurin bayanin injin, ka ga ko 64 a ka rubuta, sa'an nan a yi maganar kuɗi.