Buhun da Ya Riga Shiga, Shi Zai Riga Fita

Tambaya: Malam, ina da sito a Dawanau, amma kowace shekara gunda takan ci mini wake, kuma lissafin buhunana ba ya daidaita. Ina mafita?

Amsa: Alhaji, Allah Ya yi wa dukiya albarka. Bisa haƙiƙa, mafi yawan hasarar da ake yi a sito daga tsarin jibga kaya take farawa, domin idan leburori suka sauke sabon kaya a bakin ƙofa, alhali tsohon yana can ƙurya inda hannu ba ya kaiwa, to, lalle sabon za a yi ta sayarwa har tsohon ya zama gari. Saboda haka ka sa a rubuta ranar shigowa a jikin kowane tari, a fitar da wanda ya riga zuwa, a ɗora buhuna bisa katako nesa da bango saboda laima, a bar hanya tsakanin tari da tari yadda mutum zai ratsa ya ƙidaya.

Game da gunda kuwa, akwai buhun PICS mai ruɓi uku, wanda masana Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro. Muddin waken ya bushe sarai, aka ɗaure bakin kowace leda dabam, iska ba ta shiga, ƙwarin sai su mutu ba tare da an zuba magani ba, abin da ni kaina na fi natsuwa da shi, tunda abinci ne na bayin Allah.

Amma lissafi, kada mai riƙe makulli ya zama shi ne mai riƙe daftari, kuma kowace Alhamis ku yi hisabi tare, buhu da buhu, kafin a ɗora wa mota kaya.