Kwanakin Jiran da Kasuwa Ba Ta Biya

Yawancin masu kiwon tarwada da nake zagayawa a Kabara da lungunan da ke maƙwabtaka da ita tamfol ɗaya gare su ko biyu, a tsakar gida ko bayan soro. Da na ɗauko zancen ƙa'idojin lafiyar kifi sai su ce, "Likita, wannan ai na manyan gonaki ne." Ban cika ja da su ba, don na san lissafin.

Abinci kaɗai kan cinye kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin kiwo, ga man janareta na jawo ruwa daga burtsatse. Sannan ƙa'ida ta ce ka sayi magani mai lambar NAFDAC, wanda ya fi kafson da ake ɓarewa a kemis tsada. Ka killace sababbin 'ya'yan kifi a mazubi daban. Kada ka saki ruwan ƙarni a kwata, in ba haka ba kai da maƙwabta da duba-gari. Mai shigo da iri daga waje kuwa sai da izinin hukumar NAQS.

Duk waɗannan da sauƙi a kan jira. Idan ka ba kifi maganin kashe ƙwayoyin cuta, akwai kwanakin da dole a bari ya fita daga tsokarsa kafin a sayar. Ga oksitetrasaikilin, garin nan mai ruwan ɗorawa da kowa ya sani, kwana 21 ne ga tarwada a dokar Amurka. Makonni uku ke nan kana zuba abinci ga kifin da ya riga ya isa sayarwa, kana canza ruwa, mai bashin abinci kuma yana sallama a ƙofa. Ka kai kasuwar Galadima, dillali ya ɗora a sikeli, kilo nawa kawai yake tambaya. Wanda ya jira da wanda ya ba da magani jiya farashinsu ɗaya. A ganina wannan ne ainihin rashin adalcin, kuma wa'azina ba zai gyara shi ba sai mai saye ya fara tambaya.

Amma kifin nan 'ya'yanmu ke ci. Ragowar magani a nama na cikin abin da ke sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani, a kwami da a asibiti. Kasuwar waje ma ba ta yafewa: a 2018 Amurka ta rufe ƙofa ga tarwadar Najeriya saboda ba a gamsar da ita da takardun tsarin binciken lafiya ba, masu banda da dama suka tafka asara.

Mafita mai araha ita ce kada a kai ga maganin. Yawancin kifin da ake kirana in duba, masu farin tabo a fata da gemu a gutsure, suna rataye a saman ruwa, cunkoso ne da ruɓaɓɓen ruwa suka jawo musu. Rage yawansu, ka canza ruwa kafin ya yi wari, ka kwashe matattu nan take, kowane kwami da komarsa. Gishirin girki, a ma'aunin da ƙwararre ya faɗa maka, yana rage wahala da yawa.

In magani ya zama dole, rubuta ranar farawa da ta gamawa a littafi. Masu kiwon unguwa ɗaya kuma su haɗa kuɗin kiran likita da na gwajin ruwa, su raba. Ziyara ɗaya ta isa a duba kwamin kowa.